Sai Dulcie Ta Sha Ruwa

Wuƙar shafa bota ta shige tsakanin katakon biyu har iyakar ƙotarta, ba tare da ta gogi ko ɗaya daga cikinsu ba. Mervyn Halloran, wanda yake durƙushe a cikin tsohon jirgin ruwansu na katako, ya karkatar da ita hagu da dama, sannan ya sunkuya ya kanga ido a tsagar. Ta nan yana iya hango busasshiyar lakar da ke ƙarƙashin jirgin, har da wata tururuwa tana wucewa da kayanta. Kowace safiya haka yake yi kafin ya fita rabon wasiƙu a gonakin tumaki, kuma kowace safiya tsagar tana ƙara ba shi tsoro.

"Merv! Merv, kana ciki?"

Muryar matarsa Noreen ce daga saman gaɓa. Duk zamansu bai taɓa jin ta kira shi da irin wannan murya ba, don haka ya miƙe ba shiri, ya bar wuƙar a inda take, ya leƙo.

"Ruwa ya wuce mashayar tumakin su Pardoe," ta ce, waya a hannunta. "Yanzu matar Pardoe ta kira ni. Ta ce kafin rana ta take tsaka yana nan."

"Ba zai yiwu ba. Cewa aka yi sai mako mai zuwa."

"To, je ka faɗa masa."

Jirgin na mahaifin Noreen ne. Shi ya raɗa masa sunan matarsa, Dulcie, shi ya sa 'ya'yansa ba sa cewa "shi" idan suna maganar jirgin, sai "ita". A nan ƙasan gidan yake ɗaure lokacin da kogin Darling ya fara ja da baya. Tsohon ya rasu a farkon shekarun fari, kogin ya tsintsinke ya zama tafkuna, tafkunan suka zama taɓo, taɓon ya daddare. Jirgin ya yi ta sauka a hankali har ya zauna a ƙasa. Mervyn ya ɗaga shi da jak ya ɗora a kan gumagumai, ya shiga gyaransa a nan tsakiyar kogin, domin babu inda ya kai wurin inuwa da shimfiɗa. Shekara ta bi shekara, har mutane suka fara ajiye motocinsu a wurin, shi ma ya daina tuna cewa hanyar ruwa ce.

A bangon ɗakin jirgin ya manna taswirar tafiyar da za su yi idan ya yi ritaya. Tafiya ce ta shekara uku. Za su haura kogin Murray har garin Echuca, su yi sanyi a can, su gangaro ta ƙofofin ruwa ɗaya bayan ɗaya har tafkunan Goolwa. A nan za su zauna jiran watan da bakin teku yake lafawa, sannan su fita su bi gaɓa, suna kwana a kowane lungu, har inda manyan kifayen nan masu feso ruwa sama suke zuwa haihuwa, waɗanda Noreen ta ce ba za ta mutu ba ta gan su ba. Ya san inda za su sha mai, ya san garuruwan da za su karɓi maganin hawan jininta, ya san gadojin da sai an kwantar da sandar fitila kafin a wuce. Layin da ya ja da jan alƙalami daga garin Wentworth ya fara, can kudu a mahaɗar Darling da Murray, inda babbar mota za ta sauke jirgin. Kogin ƙofar gidansu ba ya cikin shirin ko kaɗan. Mervyn ya ce ba a gina tafiya a kan kogin da ba ya cika alkawari.

Da labari ya zo cewa an yi ruwa mai yawa can arewa, kuma ruwan yana tafe, nan da nan ya yi magana da masu motar ɗaga kaya, suka tsayar da ranar Alhamis za su zo su fitar da jirgin daga cikin kogin. Sai ga yayyafi shekaranjiya, ɗan kaɗan, wanda ya isa ya mayar da baƙar ƙasar bakin kogi sabulu. Direban ya ce ba zai kusanto gaɓa ba sai ta bushe. Yayyafin nan kuma shi ya jiƙa cikin kogin, ruwan ya daina tsayawa cika tsagogi, ya ƙara sauri.

Ƙarar tarakta ta katse masa tunani. Darcy ne, ƙanen Noreen, yana gangarowa ta tsohuwar hanyar da tumaki suke bi, taraktar tana zamewa yana dariya.

"Kyaftin na tudu!" ya kwaɗa masa kira. "Yau dai ga teku ta biyo ka har gida. Ko ba ta rubuto takardar neman izini ba?"

"Darcy, ba lokacin wasa ba ne."

"Wa yake wasa? Ga sarƙa na kawo. Mu ɗaura mata a hanci, mu shimfiɗa itace, in ja ta zuwa sama kafin ka gama shan shayi."

Mervyn ya dubi gangaren, ya dubi jirgin. Ya san abin da ke cikin littattafan da ya karanta: jirgin katako da ya daɗe a bushe kamar kwando yake, kowane katako ya ƙanƙance ya rabu da ɗan'uwansa, ƙusoshi kawai ke riƙe da shi. Ba a jijjiga shi, ba a kuma jefa shi ruwa gaba ɗaya. Ratayewa ake yi a ruwa marar zurfi, a bar katakon ya sha ya kumbura har tsagogin su rufe da kansu. Wannan ma yana cikin shirinsa, a Wentworth, da majanyu masu faɗi da mutanen da suka san aikin. Amma a nan babu majanyu, kuma idan ruwan ya same shi a haka, bayan jirgin da ke inuwa a matse yake, zai ɗaga, gaban da ya bubbuɗe zai cika ya nutse, jirgin ya murɗe ya kifo daga kan gumaguman.

"Ɗaura," ya ce a ƙarshe. "Amma a hankali. Ka ji ni? A hankali."

"Kamar ina ɗaukar ƙwai, ranka ya daɗe."

Suka zagaya sarƙar, suka cusa tsofaffin buhuna inda za ta ci katako. Noreen ta sauko ta tsaya gefe ta harɗe hannu. Darcy ya hau, ya taka a hankali kamar yadda ya yi alkawari. Sarƙar ta tashi daga ƙasa, ta miƙe, ta yi tsam. Sai jirgin ya yi wani kuka, dogo, daga can cikin haƙarƙarinsa, irin kukan da ba a son ji daga abin da ba shi da rai. Ƙura ta zubo daga kowace tsaga. Mervyn ya ga wani katako kusa da hanci ya ɗan yi tsalle daga mazauninsa.

"Tsaya! Tsaya! Kashe!"

Darcy ya kashe. Shi kansa fuskarsa ta sauya.

"Ko taku ɗaya ba ta yi ba," ya ce.

"Taku ɗaya kuma za ka kai itacen girki sama, ba jirgi ba," in ji Noreen. "Kai ko kunya ba ka ji, ka sa wa mai sunan uwarka sarƙa a hanci kamar saniya?"

"Yaya, mijinki ne ya ce in ɗaura."

"Shi ma zan zo kansa."

Mervyn bai ji su ba. Yana zagaya jirgin yana shafa katako, yana lissafin abin da ba ya lissaftuwa. A sama ba dama, a ƙasa ba dama. Ya ɗauko waya zai sake kiran direban motar, ya fasa, ya sake ɗaukowa. Noreen ta zo ta karɓe wayar daga hannunsa ta jefa a aljihun rigarta.

"Zo mu je mu gan shi."

"Mu ga wa?"

"Ruwan mana. Kana ta faɗa da baƙon da ba ka ko ga fuskarsa ba."

"Noreen, ba ni da lokacin kallo."

"Tsayuwarka a nan me take ƙarawa? Zo."

Ta kama hannunsa kamar yadda ta saba yi idan za su shiga asibiti, suka bi tsakiyar kogin suka nufi arewa. Laka tana farfashewa a ƙarƙashin takalmansu. Da suka sha kwanar farko, Mervyn ya ga motoci jere a saman gaɓa, ya gane kowace ɗaya. Duk mutanen da ya kamata ya kai wa wasiƙu yau suna nan. Sun sauko cikin kogin, maza da mata, da karnukansu, suna tahowa da baya da baya a hankali, kuma abin da ya fi ba shi mamaki shi ne babu mai magana.

Ƙwari ne suka fara iso su. Gyare da gizo-gizo da tururuwa masu ɗauke da ƙwayayensu, tuli guda, suna gudu ta kan takalmansa ba su damu da shi ba. Wani damo ya ratsa tsakanin ƙafafun mutane ya haye gaɓa. Sai wari ya biyo, warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ruɓaɓɓen ganye, mai nauyi har yana kama maƙogwaro. Bayansa sai sauti, wani siririn shuuu kamar an zuba ruwa a kaskon da ya yi zafi, amma daga ko'ina yake fitowa.

Sannan ya gan shi.

Ya yi tsammanin bango zai gani, mai ruri da tumbatsa. Abin da ya gani harshe ne, baƙi, faɗinsa bai fi tabarma ba, yana tura kumfa da busasshen ganye a gabansa, yana tafiya kamar tsohon da ya dawo garinsu bayan doguwar tafiya yana duba kowace ƙofa. Idan ya iso tsaga sai ya tsaya, ya zura kai, tsagar ta yi ta haɗiya tana fitar da kumfa, sai ta ƙoshi, sannan ya haye ya nufi ta gaba. Bai tsallake ko ɗaya ba. A bayan harshen ruwan yana faɗaɗa, ya zama rafi, rafin ya zama kogi, can nesa kuma, inda kwana ta ɓoye shi, ya cika daga gaɓa zuwa gaɓa yana ɗauke da sararin sama a bayansa. Ruwan nan wata da watanni yake tafe, daga ƙasar da Mervyn bai taɓa takawa ba, babu mai ja masa gora, kuma bai ɓata hanya ba.

Wata dattijuwa daga mutanen Barkindji, 'yan asalin ƙasar nan, ta durƙusa a gaban harshen, ta shimfiɗa tafin hannunta a ƙasa ta jira. Da ruwan ya hau yatsunta sai ta kira shi da sunan da kakanninta suke kiransa, "Baaka," a hankali, kamar mai tada yaro daga barci. Wani ƙaton manomi da ke kusa da ita ya cire hularsa ya rufe fuska da ita.

"Ikon Allah," in ji Noreen. "Ji, Merv. Saurara."

Daga cikin lakar da ta jiƙe, a wurin da ɗazu ƙura ce, kwaɗi sun fara kuka. Suna nan ashe, duk shekarun nan, a binne a ƙarƙashin inda ake ajiye motoci.

Mervyn ya tsaya har ruwan ya iso takalminsa. Ya dube shi yana zagaya tafin takalmin, yana hawa kaɗan kaɗan. Ya soka wani kara a bakin ruwan, ya zuba masa ido. An ɗauki lokaci kafin ruwan ya haura faɗin yatsa. Ya juya ya dubi matarsa.

"Ba ya sauri," ya ce.

"Na gani."

"Ko a Wentworth, da majanyunsu, ba za su iya sa ta a ruwa a hankali haka ba." Ya nuna karan da ya soka. "Idan na buɗe matoshin ramin zubar da ruwa da ke baya, ruwa zai shiga gaba da baya daidai, ba za ta ɗaga ba. Za ta zauna a kan gumagumanta tana sha. Idan katakon ya riga kogin, ya kumbura ya rufe tsagogin, mu toshe, mu zuƙe ruwan da famfo, ta tashi. Idan kogin ya riga katakon..."

"Sai me?"

"Sai ya rufe ta har rufi. Shi ke nan."

"Wanne ka fi zato?"

"Ban sani ba, Noreen. Wannan ba ya cikin littafi."

"To ai gara. Na gaji da abin da ke cikin littafi."

Suka koma da sauri, ruwan yana bin su a baya da tafiyarsa ta ƙasaita. Injin jirgin kuwa dama yana rumfa a saman gaɓa, ba a ɗora shi ba tukuna. Su uku suka kwashe katifu da batura da kayan aiki, suka cire allunan daɓe, suka ɗaure jirgin gaba da baya da igiyoyi a jikin manyan itatuwan turare na gaɓa biyu. Darcy ya fitar da taraktarsa da ƙyar. Da ya dawo ya ji abin da ake shirin yi, sai ya riƙe ƙugu.

"Bari in gane. Shekara nawa kana bin jirgin nan da tsumma, ko shayi aka ɗiga sai ka yi kwana biyu ba ka magana. Yau kai da hannunka za ka buɗe wa wannan baƙin ruwan ƙofa?"

"Haka ne."

"Akwatunan da ka yi wa Yaya fa? Ka fi wata shida kana goge su."

"Za su jiƙe."

"Yaya, mijinki ya taɓu."

"Yau ya warke," ta ce. "Miƙo masa sifana."

Harshen ruwan ya sha kwana daidai lokacin da inuwa ta dawo ƙarƙashin itatuwa, jama'a na biye da shi. Ya iso gungumen farko, ya shinshina shi, ya rabu biyu ya zagaye. Mervyn ya shiga jirgin ya durƙusa a baya. Matoshin tagulla ne, shi da kansa ya goge shi har yana ɗaukar ido. Ya ɗora sifana. Ya juya. Matoshin ya fito, ya bar rami mai faɗin babban yatsa, ta cikinsa yana ganin ƙasa tana sauya launi.

Bai fita ba. Ya zauna a kan benci yana jira, jama'a suka wuce da ruwansu, wurin ya yi tsit. An daɗe kafin ruwan ya kai cikin jirgin. Da ya kai, bai yi feshi ba, kumburowa ya yi ta ramin kamar ido yana cika da hawaye, ya gangara. A gaba kuma ya ɓullo ta tsagogi a jere. Biyun suka haɗu a tsakiya, a ƙarƙashin ƙafafunsa. Jirgin bai motsa ba.

Noreen ta shigo da shayi a gora, ta naɗe ƙafar wandonta ta zauna kusa da shi. Ruwan ya rufe musu idon sawu, ya taɓa gindin akwatunan. Mervyn ya kawar da kai. Sai ga wani sauti, ƙas, daga gaba. Wani ya amsa daga baya. Kafin a jima jirgin duka ya ɗauka, ƙananan ƙararraki kamar mutum yana miƙa bayan dogon barci.

"Karyewa take yi?" Noreen ta tambaya da raɗa.

"A'a." Ya ɗora tafin hannu a jikin katakon, ya ji shi da sanyi har sama da inda ruwan ya kai. "Sha take yi."

Haka suka wuni. Da rana ta yi gora, kogin ya haɗe gaɓa da gaɓa a ƙofar gidansu, fararen aku sun cika itatuwa da ihu, wasu kwasakwasa guda biyu da ba wanda ya san daga inda suka fito suna yawo a inda Darcy ya ajiye tarakta da safe. A cikin jirgin ruwa ya kai ƙwauri. Darcy ya dawo a ƙaramin kwalekwalen gwangwani, ya kawo burodi da bota da soyayyen naman rago.

"Kyaftin na ruwa," ya ce, a karo na farko ba dariya a muryarsa. "Ta nutse ko tana nan?"

"Tana nan."

"Ina wuƙar botar?" in ji Noreen tana lalube a kwando. "Merv, kai ka ɗauke ta da safe."

Sai a lokacin ya tuna. Ya naɗe hannun riga ya taka zuwa gaba, ya zura hannu cikin baƙin ruwan har gwiwar hannu, ya laluba ya sami ƙotar a inda ya bar ta. Ya ja. Ba ta zo ba. Ya gyara tsayuwa ya kama da hannu biyu, ya ja har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Wuƙar da ɗazu take rawa a tsagar ko gezau ba ta yi ba. Katakon biyu sun haɗe baki a kanta.

Ya daɗe a sunkuye, hannunsa a cikin ruwa.

"Ta ƙi fitowa," ya ce.

Darcy ya buɗe baki zai yi magana, Noreen ta harare shi, ya rufe. Ta gutsuri burodi ta dangwali botar da shi, ta miƙa wa mijinta. Sai wayarsa ta yi ƙara a aljihunta. Ta duba.

"Mai motar ɗaga kaya ne. Wataƙila zancen Alhamis."

Mervyn ya miƙe, ruwa yana ɗiga daga hannunsa. Ya dubi taswirar da ke bango, inda jan layin ya fara daga Wentworth, da farin filin da ke samansa, inda kogin ƙofar gidansu yake gangarowa, wanda bai taɓa sa wa alƙalami ba. Bai san zurfin ko kwana ɗaya a wannan hanyar ba, bai san inda itatuwa suka faɗa ba, bai kuma san ko mako nawa ruwan zai zauna ba.

"Ki yi masa godiya," ya ce. "Ki ce mun sami mai kai mu."